Sanda a Gaban Takobi

Bahaushe bai yi wa sanda rowar suna ba. Akwai gora ta makiyayi da mafarauci, akwai kulki gajere mai ƙaton kai, akwai kwagiri na dattijo mai lanƙwasa a mariƙi, akwai kandiri na masu sarauta, akwai kere da ake jifar zabo da zomo da shi, ga kuma tsumagiyar malamin allo, wadda duk wanda ya zauna gaban allo bai manta zafinta ba. Duka itace ne daga dawa ɗaya, amma wanda ya ce liman ya hau mumbari da kulki, ko ya ce an yi wa ɗan fashi rotse da kwagiri, zai sha dariya. Kowace da hannun da ya dace da ita, kowace da maganar da take yi in an ɗaga ta. Wata cewa take yi a matsa, wata a tsaya, wata a shiga taitayi, wata kuma ba ta cewa komai sai dai a san mai ita yana wurin. Takobi kuwa, ko ka kira shi kansakali, maganarsa ɗaya ce, kuma in ya faɗe ta ba a sake zama a kanta.

To, ina labarin ranar da sanda ta yi gaba da gaba da takobi? A hankalce zance ya ƙare, mai sanda ya nemi hanyar gudu. Amma akwai ƙasar da ta mayar da wannan gamo ilmi mai malamai da almajirai da silsila, aka yi ta gadonsa fiye da shekara 200 a matsayin aikin hukuma. Ƙasar ita ce Jafan. Ƙarfen da suka riƙe sunansa jitte, wasu su ce jutte, ilmin sarrafa shi kuma juttejutsu.

Ba wani abin kallo ba ne. Sandar ƙarfe ce da ba ta cika wuce kamu ɗaya ba, wata ma ba ta kai ba. Ba kaifi, ba tsini. Kusa da mariƙi an ƙera mata ƙugiya guda, ta fito ta miƙe a gefen jikin sandar, ta bar ɗan tsagi a tsakani. A gindi akwai zobe, a zoben an ɗaura igiya mai tuntu, launin tuntun kan nuna matsayin mai ita. Da haruffa biyu ake rubuta sunan, na goma da na hannu. Kirari ne aka mayar suna: wai wanda ya riƙe ta ya yi hannu goma.

Sai an dubi garin da aka ƙera ta dominsa kafin a gane ta. A 1588 Toyotomi Hideyoshi ya yi shela a karɓe takubba da masu da bindigogi daga hannun manoma. Da gidan Tokugawa ya hau mulki a 1603, mulkin da bai sauka ba sai a 1868, aka ƙara daddale rabon. Ɗaura takubba biyu, dogo da gajere, ya zama alamar samurai, wato jinin mayaƙa, har doka ta yarje wa samurai, bisa wasu sharuɗɗa, ya sare talakan da ya ci masa mutunci. Birninsu Edo, wanda yau ake kira Tokyo, ya kai wajen mutum miliyan ɗaya a ƙarni na 18, kusan rabi 'yan gidajen samurai ne da barorinsu. Ka ƙaddara gari irin wannan. Zaman lafiya ya daɗe, mayaƙa ba yaƙi, ga bashi ga giya, ga waɗanda iyayen gidansu suka tsiyace suka bar su suna gararamba, kowa da takobi a ƙugu. Tsaron unguwannin talakawa kuwa ofisoshi biyu aka ɗora wa, na arewa da na kudu, suna karɓa-karɓa wata-wata. Kowane yana da manyan jami'ai 25 da ake kira yoriki, da ƙanana da ake kira doshin su ɗari da 'yan kai. Duka-duka ba su cika 300 ba, mafi yawansu ma aikin takarda da shari'a suke yi, masu zaga gari 'yan ƙalilan ne.

Su ma doshin ɗin samurai ne, da nasu takubban a ƙugu. Ba rashin takobi ya sa suka riƙe gajeren ƙarfe ba. Umarni aka ba su a kawo mai laifi da ransa.

Ka ɗauka kai ne doshin, a lungu, da dare. Gabanka mutum ya zare takobi mai tsawon kamu ɗaya da rabi, ya kama shi hannu bibbiyu ya ɗaga sama. Duk abin da jiki ke gaya maka shi ne ja da baya, kuma nan halaka take, don ƙarfin sara yana can wajen ƙarshen takobi, daidai inda ja da baya zai ajiye ka. Malaman jitte akasin haka suke koyarwa: shige masa. Ka ɗan goce wa hanyar saran, ka kutsa tun ƙarfen bai gama saukowa ba, ka tare shi kusa da ƙota inda ba shi da nauyi, ka bar shi ya zame ya faɗa tsagin ƙugiya, ka murɗa. Ko kuma, wanda ya fi yawa, ka rabu da takobin ka nemi hannun da ke riƙe da shi: wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa. Da yatsu sun saki, shi ke nan. Masana fannin ma suna da saɓani kan ƙugiyar. Wasu na ganin cafke takobi da ita ana tsakiyar faɗa sai gwanin gwanaye, amfaninta na yau da gobe shi ne sarƙe hannun riga, ko danne yatsa, ko hana kaifi zamewa ya yanki hannun mai riƙon. Ko wanne ne dai, sharaɗin bai canja ba. Mai gajeren ƙarfe ba ya aiki daga nesa. Dole ya shiga inda zai ji numfashin abokin karawarsa, ya sa nasa wuyan a kasada don wancan ya kwana da rai. A ganina wannan kasadar ita ce dukan ma'anar abin, sauran duk dabarun hannu ne.

Ba kuma shi kaɗai yake zuwa ba in abin ya yi ƙamari. Akwai dogayen sanduna iri uku da ake fitowa da su: sasumata mai baki biyu da ake tokare mutum da ita a bango, sodegarami mai ƙayoyin ƙarfe da ke naɗe riga, da tsukubo mai kai a gicciye da ake kwashe ƙafa da ita. Akan kewaye mai takobi da tsanuka a kwance a yi ta matse shi, akan hura masa toka da barkono a ido. In ya faɗi sai igiya, ita ma da nata ilmin, hojojutsu, inda ɗaurin samurai daban, na malamin addini daban, na mace daban. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma ina zaton a nan ne hannu goman ya fi zama gaskiya. Ilmin bai mutu ba. Makarantar Ikkaku-ryu, wadda aka raina a yankin Fukuoka tare da makarantar sanda ta Shinto Muso-ryu, har yau tana koyar da jitte a hannu ɗaya, mafici na ƙarfe a ɗaya hannun. Sasumata kuwa ta koma makarantun yara. Tun bayan da wani ya shiga wata firamare a Ikeda ta yankin Osaka a 2001 ya kashe yara takwas da wuƙa, makarantu da yawa suka ajiye ta a kusa, malamai suna koyon tokare mai wuƙa kafin hukuma ta iso.

Kada mai karatu ya ɗauka tausayi ne ya ƙera jitte. Shari'ar Edo ba ta cika zartar da babban hukunci ba sai da ikirarin mai laifi, in kuma bai yi ikirari da daɗi ba akwai hanyoyin da doka ta tsara: bulala, ɗora masa faifan duwatsu a cinya yana durƙushe kan katako mai gefe-gefe, rataye shi ta hannu. Gidan yarin Kodenmacho da filayen kisa na Suzugamori da Kozukappara sun lashe da yawa daga waɗanda aka kamo da rai. Ga kuma okappiki, karnukan farautar da doshin ke biya daga aljihunsa, galibi tsofaffin ɓarayi da 'yan caca da suka san lunguna. Gwamnati ta sha hana amfani da su saboda ƙwace da sharri, ba a kuwa daina ba, don aikin ya fi ƙarfin jami'an. Duk wannan haka yake. Sai dai tsakanin kamu da kisa akwai kwanaki, a cikin kwanakin akwai tambaya, akwai shaida, akwai mai zuwa ya ce ba shi ba ne, akwai alƙalin da zai iya dubawa ya ce a sake shi. Ooka Tadasuke, wanda ya riƙe ofishin kudu daga 1717 zuwa 1736, har yau Jafanawa suna ba da hikayoyin adalcinsa. Hasegawa Heizo, shugaban masu farautar 'yan fashi da masu cinna wa gari wuta, shi ya kawo shawarar da ta sa aka buɗe gidan koyon sana'a a tsibirin Ishikawajima a 1790, don marasa galihu da waɗanda suka gama zaman kaso. Ba ɗaya cikin waɗannan da zai amfani gawa.

Mu ma ba baƙin wannan rabon aiki ba ne. A fadar sarakunan Hausa dogari ke kamowa, yari ke tsarewa, alƙali ke yanke hukunci, hauni ke sarewa. Hannu huɗu, suna huɗu, takobin kuma yana hannun na ƙarshe, wanda ba ya motsi sai magana ta bi ta kan ukun farko. Ba cewa nake kullum haka aka yi ba, dogaran da suka wuce gona da iri ba su ƙirguwa. Amma harshen ya ajiye tsarin da kyau, har yau in aka ce an kai wane gidan yari kowa ya san ana nufin yana da sauran magana.

Shehu Usmanu tuta ya ba almajiransa. Turawa da suka zo sanda suka ba sarakuna, kuma al'adar ta zauna, har gobe gwamna ke miƙa wa sabon sarki sandar girma a bainar jama'a. A ƙasa da sarakunan aka yi 'yan doka na En'e, gwamnati kuma ta yi nata, waɗanda mutane suka dubi abin da ke rataye a ƙugunsu suka ce musu 'yan sanda. Da aka rushe 'yan dokan En'e a ƙarshen shekarun 1960, sunansu ya bi su, na 'yan sanda ya zauna. Na sha jin masu cewa an yi asara, wai ɗan doka ya fi ɗan sanda daɗin ma'ana. Ban yarda ba. Doka kowa ma yana iya cewa ita yake wa aiki, har hauni. Sanda kuwa iyaka ce: ta faɗi inda ƙarfin mai kamu ya kamata ya tsaya. Kuma ƙarfin nata ba a itacen yake ba, a kwarjini yake. Doshin kan zaro jitte ya nuna kawai, mutane su buɗe ƙofa. Kowane ɗan makarantar allo ya san ƙissar Annabi Sulaimanu, wanda ya cika yana dogare da sandarsa, aljannu suka yi ta aikin wahala suna zaton yana kallonsu, har sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Sandar hukuma ma tana da tata garar. Duk na goron da aka miƙa ta tagar mota a shingen hanya, cizo ɗaya ne.

Sai dai fa sunan da abin da aka raɗa wa shi ba su taɓa zama daidai wa daida ba, musamman a nan Gana. A 1863 Kyaftin John Glover ya tara wasu Hausawa a Legas, da yawansu bayi ne da suka tsere, ya ba su kaki da bindiga. Da su aka yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, daga nan aka kafa runduna a Gwalkwas, wato Gana ta yau, wadda aka daɗe ana kira ta Hausa, ko da yake daga baya Mosawa da Gurunsawa da Dagwamba da Zabarmawa sun cika ta. Hausa ce harshen bariki, kuma tsofaffin sojojin nan suna cikin waɗanda suka raya zangunan ƙasar. Ya kamata mu 'yan Zango mu faɗa wa kanmu gaskiya: kakannin nan ba don kamo mai laifi a kai gaban alƙali aka ɗauke su ba, don cin ƙasa aka ɗauke su. Da irin wannan ƙarfi Turawa suka zauna a Gambaga, da shi suka dawo da hedkwatarsu Tamale a 1907. Tsaron gari a ƙasashenmu daga bindiga ya faro, kulki daga baya aka rataya masa.

An ga ƙarshen wannan a Akra ranar 28 ga Fabrairu 1948. Tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu suka nufi fadar Gwamna a Osu da takardar koke, ba makami a hannunsu. A mararrabar Christiansborg aka tare su. Baturen da ke jagorantar 'yan sandan, Colin Imray, ya ce a yi harbi, da yaransa suka yi nawa sai ya karɓi bindiga da kansa. Mutum uku suka faɗi: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Bai matsa kusa da kowa ba, bai sa wuyansa a komai ba. Tarzomar da ta biyo baya ita ta hanzarta 'yancin da aka samu a 1957.

Shi takobin kansa a lokacin ya daɗe da yin murabus. Jafan ta hana yawo da shi a 1876. A Adibo, kusa da Yendi, a Disamban 1896, dawakin Dagwamba da 'yan bindigarsu suka kara da Jamusawa, harsashi ya yi musu ɓarin da har yau makaɗa ba su manta ba. A Burmi a 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Cikin shekara talatin takobi ya koma kayan ado a ƙasashe uku, na hawan Salla da na bikin Damba da na gidan tarihi. Sanda ce ba ta huta ba.

Dubi Sagnarigu, a ƙasar Dagwamba: yau gini ya haɗe ta da Tamale, baƙo ba zai gane inda wannan ta ƙare waccan ta fara ba. Sai a 2012 aka yanke ta ta zama gunduma mai cin gashin kanta, amma fatar sarautarta ta girmi zuwan Turawa, kuma a ƙofar fadarta, lokacin Damba ko wani babban taro, ake ganin abin da ya fi kusa da ilmin jitte a duk abin da na sani a wannan ƙasa. Ba faɗa ba ne, rawa ce. Sunanta takai.

Maza ne zalla, sun yi da'ira, kowa cikin rigarsa ta saƙi mai faɗin gindi, da wando buje, da takalmin fata mai dogon wuya, da hula a karkace. Kowa yana riƙe da sandar ƙarfe siririya. Makaɗa suna tsakiya da kalangunsu da ake kira lunga, da ganga mai kauri da ake kira gungon. Kiɗa ya tashi, da'irar ta fara tafiya. Mai rawa ya taka, ya juya da ƙarfi har rigar ta buɗe ta yi laima, ya fuskanci na bayansa, ƙarafa biyu su haɗu a sama, ƙwal. Ya sake takawa, ya juyo, ya fuskanci na gabansa, ƙwal. Duk da'irar a lokaci ɗaya, har ƙarar ƙarafan ta zama wani kiɗa a cikin kiɗan. In ka tsaya kusa za ka ga abin da na nesa ba ya gani. Mai rawa yana baro juyi ne bai ga abokinsa ba, hannunsa ya riga ya ɗaga, ƙarfen ya riga ya taho. Da abokin ya makara da taki ɗaya, kansa ko yatsunsa ne a wurin. Shi ya sa idon gwani ba ya kan ƙarfe, yana kan kafaɗar ɗan'uwansa, kuma dukan yana da awo: ya isa ya yi amo, bai isa ya karya ba. In sabon shiga ya zo da zafin kai yana kai duka kamar mai faskare, ba a tsayar da kiɗa dominsa. Dattijon da ke kusa da shi zai karɓi dukan a sassauce, ya bar ƙarfen yaron ya zame, ya harare shi sau ɗaya. Zagaye biyu uku, ka ga hannun yaron ya sauko daidai da na kowa.

Dattawa kan ce da takubba ake yin ta a da, rawar mayaƙa ce da 'ya'yan sarki. John Miller Chernoff, Ba'amurken da ya zauna Tamale a shekarun 1970 yana koyon kiɗa wajen Alhaji Ibrahim Abdulai, jagoran makaɗan takai, ya ba ta wuri a littafin da ya fitar a 1979, ta haka sunanta ya kai jami'o'in waje. Bahaushen da ya zo daga Kano ko Katsina kuwa ba ya bukatar littafi, don ya baro takai a gida, inda samarin ƙauye ke yin da'ira suna haɗa sanduna bisa kiɗa. Suna ɗaya, zubi ɗaya, a bakin hanya ɗaya da fataken goro suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi zuwa Salaga da Gwanja. Ƙarfe ɗaya ba ya amo, in ji masu iya magana, galibi kuma in za a raba laifin faɗa ake kawo karin. A filin takai sai ya juye ya zama yabo: kana bukatar wanda ke gabanka ya tsaya da ƙafarsa, da ƙarfensa a hannu, in ba haka ba kai ma ba ka da rawa.

Mutanen Dagbon, ƙasar Dagwamba, sun san kuɗin rasa wannan awo. A ƙarshen Maris 2002 aka kashe babban sarkinsu, Ya-Na Yakubu Andani na biyu, a fadar Gbewaa da ke Yendi tare da mutanensa da dama. Aka shekara biyu da wani abu ana dokar ta-ɓaci, Tamale ta sha dokar hana fitar dare, kasuwa ta ji a jikinta, zumunci ya ji. Sai a Janairun 2019, bayan doguwar wahalar kwamitin manyan sarakuna uku da Asantehene Otumfuo Osei Tutu na biyu ya jagoranta, aka naɗa sabon Ya-Na. Abin da aka yi cikin kwana uku ya ci shekara goma sha bakwai ana ɗinki.

Amma kada mu yi wa sanda kirarin da ba nata ba. Ita ma tana kisa, kuma kisanta ya fi na takobi muni, don ba a sara ɗaya take gamawa ba, hannu da yawa ne ke taruwa a kai, kowa ya tafi gida yana cewa ba nasa dukan ne ya kashe ba. A Mayun 2017 mutanen Denkyira-Obuasi suka yi wa Kyaftin Maxwell Mahama, hafsan soja da ya fita motsa jiki, rubdugu da sanduna da bulo bisa zaton ɗan fashi ne. A Yulin 2020 aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dukan mutuwa a Kafaba, kusa da Salaga, wai mayya ce, jama'a na tsaye suna kallo, wasu na ɗauka a waya. A Maris 2025 a Uromi ta jihar Edo a Najeriya aka tare mafarauta Hausawa da ke komawa Kano yin Salla, aka kashe 16. A duk wuraren nan akwai hannu goma, har da ɗari. Abin da babu shi ne mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya kawo wanda ake zargi da rai. Taron dukan ɓarawo ba ya sa wuyan kowa a kasada, wanda ake duka ya riga ya faɗi, hannunsa ba komai. Ragwanci ne da ya ari rigar jarumta.

A unguwanninmu yanzu ba a rasa 'yan sintiri, samari masu gora da tocila da usur, da jama'a ke tara musu ɗan abin shayi. Aiki suke yi na gaske, satar babura da fasa shaguna ba ƙarya ba ce, kuma wanda aka ɗauke wa babur ɗin da yake ci da iyali da shi ba a yi masa wa'azin haƙuri da arha. Amma wanda ya ba saurayi gora bai koya masa inda ake tsayawa ba, bai gama ba shi kayan aiki ba. Masu unguwanni da limamai da shugabannin samari su ne da wannan nauyi: a zauna da yaran nan a faɗa musu ƙarara cewa aikinsu kamu ne, a tanadar musu igiya da lambar wayar ofishin 'yan sanda mafi kusa, a kuma sanar da su cewa wanda ya daki kamamme shi ma za a miƙa shi. Kai kuma mai karatu, ranar da aka yi ihun ɓarawo a layinku, kada ka tsaya daga nesa kana ɗaga waya. Kira mutum biyu da ake jin maganarsu, ku kutsa ku riƙe shi tun dutsen farko bai tashi ba, ku kai shi ƙofar mai unguwa ko caji ofis da ƙafarsa.